Haruffa Huɗu A Ƙarƙashin Kujera

Shafi na 9

Salamu alaikum 'yan uwa. Ku yi min afuwa, jiya na ce zan saka, sai da na gama na karanta na ji bai yi ba, na goge. Masu yi wa Baffa ruwan zagi a ƙasan shafi na takwas, don Allah ku sassauta, ku ji ta bakinsa tukuna.

*

Ƙarfe goma saura kwata wakilin kamfanin ya iso, daidai lokacin da ya rubuto a wasiƙarsa.

Tabarau ce ta fara hango shi daga teburinta na lungun shago, inda take zama da babban littafin rajista tun da aka zaɓe ta sakatariya. Ya tsaya a bakin ƙofa da kwat da jakar fata, ya ɗaga kai yana karanta allon da fenti ya fara barewa: H.M.G.K., Haɗakar Masu Gyaran Kekuna. Ta gyara zaman gilashinta, wanda saboda shi aka manta sunanta na gaskiya tun tana firamare.

Wasiƙar tana nan cikin aljihun teburin, ta haddace ta tsaf. Wani katafaren kamfanin jiragen ruwa na dakon kaya, a can wata ƙasa mai nisa, shi ma sunansa a yarensu da waɗannan haruffa huɗun yake taƙaituwa. Suna so Haɗaka ta cire haruffan daga allo, ta kankare su daga jikin duk keken guragun da ta taɓa ƙerawa. In an yarda, ga sababbin kekuna arba'in kyauta. In an ƙi, sai kotu.

"Salamu alaikum. Nan ne H.M.G.K.?"

"Nan ce ta asali," in ji Direba daga ƙasa. "Ta bogin tana kan teku."

Wakilin ya sauke ido yana neman mai maganar. Direba yana zaune a kan katakonsa mai ƙananan tayoyin boris huɗu, hannayensa sanye cikin silifas ɗin da yake tura ƙasa da su. Shekara biyu ke nan da babbar motarsa ta kife ta tafi da ƙafafunsa duka biyu. Shi ne lamba ɗaya a jerin masu jiran keke, kuma kullum sai ya zo, wai duba aiki.

Baba, shugaban Haɗakar, bai ajiye sifanar hannunsa ba. Ya juyo da kekensa da hannu ɗaya, kekensa na farko da ya ƙera wa kansa shekara ashirin da shida da suka wuce.

"Wa alaikumus salam. Shigo, samari. Tabarau, ba baƙo wurin zama."

Ta miƙe ta janyo kujerar roba.

"Ba wannan ba. Wancan."

Ta bi yatsansa da kallo. A jikin bango akwai wani keke irin na asibiti, mai sheƙi, da wasu suka taɓa kawo musu kyauta, ba a taɓa ba kowa shi ba. Irinsa sak aka saka hotonsa a wasiƙar.

"Baba..."

"Sauko da shi. Ai irin kayansu ne, ba zai ƙi zama a kai ba."

Baffa, ƙanen Baba kuma mataimakin shugaba, ya kashe injin walda ya ɗage gilashin fuskarsa. Shi ya sauko da keken, ya kaɗe ƙurar da hularsa.

Wakilin ya yi ɗan murmushi ya zauna, ya ɗora jaka a cinya.

"Ranka ya daɗe, ba rigima ta kawo ni ba. Kafin ma mu shiga magana, an ba ni saƙon godiya in isar. Wace ce sakatariya?"

Tabarau ta ɗan ɗaga hannu.

"Ni ce."

"Malama, ofishinmu na can sun ce in gaishe ki da kyau. Sun ce ba don ke ba da kwantenar nan ta ruɓe a tashar ruwa."

Shagon ya yi tsit. Har mai facin taya na maƙwabta ana jin famfonsa.

"Wace kwantena?" in ji Baffa.

"Au, ba ta faɗa muku ba? Wata huɗu da suka wuce wani ma'aikacin tasha ya aiko saƙon imel, ya yi kuskuren adireshi, ya faɗo akwatinku. Ita ta bi diddigi ta turo mana. Ai ta nan ne lauyoyinmu suka san akwai wata H.M.G.K. a nan."

Baffa ya cire safar hannunsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali.

"Ke?"

Ta kasa ɗago kai.

"Ke nake tambaya! Ke kika kai mu?"

"Baffa, ban san..."

"Ba ki sani ba! Shekara ashirin da shida muna lungun nan, babu wanda ya san da zamanmu, babu wanda ya dame mu. Sati uku muna ta tunanin wane maƙiyi ne ya kai ƙararmu, har da mai sayar da tayoyi na zarga, na daina gaishe shi! Ashe a gida abin yake, kina zaune kina kallonmu ta cikin gilashi!"

"Kai, Mataimaki, a hankali," in ji Direba.

"Rufe min baki! Saƙon da ba naki ba, ina ruwanki? Ba sai ki goge ba?"

Hawaye ya taru a ƙasan gilashin, ya sa komai ya yi mata dishi-dishi. Sati uku tana kwana tana tashi da maganar nan a maƙogwaro. Sau biyu ta tsaya a bayan Baba da niyyar faɗa, sau biyu ta ɓuge da tambayarsa ko a ƙaro giris.

Baba ya ajiye sifana a kan benci. Ƙarar ta sa kowa ya juyo.

"Me ke cikin kwantenar?"

"Magani ne, Baba." Da ƙyar muryar ta fita. "Irin wanda sai a cikin sanyi. Saƙon ya ce in ba a sa hannu cikin kwana biyar ba za a cire mata wuta. Kwana uku na yi ina neman ofishin da ya dace."

"Ya isa inda za shi?"

Wakilin ne ya amsa. "Ya isa, ranka ya daɗe."

"To." Baba ya gyaɗa kai. "Su kaɗai kika taɓa mayar wa?"

Nan ne ta san babu sauran ɓoyo. Ta buɗe aljihun tebur na ƙasa, ta ɗauko wani ƙaramin littafi mai shuɗin bango, gefensa duk ya lanƙwashe.

"Mu goma sha huɗu ne."

"Su wa?"

"Masu haruffan nan. A duniya. Waɗanda na gano dai."

Direba ya turo katakonsa gaba, ƙiii, har gindin tebur. "Goma sha huɗu? Karanto mu ji 'yan uwa."

Ta buɗe.

"Akwai makarantar koyon ninƙaya. Su ne saƙonsu ya fi ɓata, iyaye suna tambayar ranar komawa. Akwai ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa da ke haɗuwa suna rera waƙa duk ranar Talata. Akwai masu kiwon awaki a kan wasu duwatsu, akwai wani asibitin haƙori, akwai masu kallon tsuntsaye a wani tsibiri..."

"Kallo? Ba sa kamawa?"

"Kallo kawai. Su rubuta a littafi."

"Su koma gida haka nan? Allah ya ba mu irin wannan hutun."

"Wata tsohuwa ta taɓa aiko mana hoton mijinta," Tabarau ta ci gaba, yanzu ga Baba take magana. "Ta ce ya rasu, a sanar da abokan waƙarsa. Ba da yarenmu ba, sai da na sa waya ta fassara min. Da na goge, Baba, da ba su je jana'izarsa ba. Da na tura musu, shugabansu ya rubuto ya ce su goma sha tara suka je."

Baffa ya yi tsaki, amma a hankali.

"Tun yaushe?" in ji Baba.

"Shekara biyu."

"Wa ya sa ki?"

"Kai ka ce ko noti muka tsinta a aljihun keken mutum, a ɗaure a leda a ajiye masa."

Baba ya tura kekensa, ya zagaye tulin tayoyi, ya zo dab da teburin.

"Ɗago kanki."

Ta ɗago.

"Cire gilashin ki goge, kin cika shi da ruwa." Ya juya ga wakilin, muryarsa ta cika shagon. "Samari, ka gan ta? 'Yata ce. Ni na haife ta. In ka koma ka faɗa musu wanda suke so ya kankare sunansa shi ya tarbiyyantar da yarinyar da ta cece musu kaya." Ya dubi ƙanensa. "Kai kuma, da ta goge saƙon nan, yau ni ne zan sunkuyar da kai, ba ita ba. Ka je ka gaishe da mai tayoyi."

Wani abu mai ɗumi ya taso wa Tabarau daga ƙirji har kunnuwa. Baba ba mai yabo ba ne. Ranar da ta ci jarrabawar gama sakandare, abin da ya ce kawai shi ne ta miƙo masa guduma.

Wakilin ya yi gyaran murya. Ya muskuta hagu, ya muskuta dama, ya sa hannu ya dafe ƙugu.

"Lafiya dai?" in ji Baba.

"Lafiya lau. Bayana ne ya ɗan..."

"Ya riƙe?"

"Kaɗan."

Baba ya kalli agogon bango. "Minti ashirin ka yi. Kana da ƙafafu, kana jin inda ke maka ciwo, kana iya gyara zama. Wanda za ka ba keken nan shekara goma zai yi a kai, kuma rabinsu ba sa jin komai daga ƙugu zuwa ƙasa. Sai gyambo ya huda su har ƙashi kafin a sani. An yi shi ne don a tura mara lafiya daga gado zuwa ɗakin hoto, a kan siminti mai santsi. Mu nan awo muke yi, kamar tela. Tabarau, karanto masa na Direba."

Ta janyo babban littafin. Nan kam muryarta ba ta rawa, don aikinta ne.

"Faɗin ƙugu, inci goma sha bakwai. Tsawon mazauni, sha huɗu. Kafaɗar dama ta fi ta hagu ƙarfi. Hanyar gidansu yashi ce da kwata biyu, tayar gaba ta zama mai faɗi. A ja ƙarfen tayoyin baya inci uku baya."

"Don me za a ja?" Wakilin ya tambaya, da alama da gaske yake son sani.

"Tashi ka gani," in ji Direba. "Ni dai gaskiya, Shugaba, na gaji da kallon gwiwoyin mutane. Sati uku ka ce min saura. Bari in ɗana wannan, in ya yi min, wallahi yau zan koma gida ina kallon mutane a fuska."

Baba bai hana shi ba. Wakilin ya miƙe yana miƙa. Direba ya cire silifas, ya kama hannun keken ya ɗaga kansa da ƙarfin damtse, ya faɗa ciki. Fuskarsa ta washe. Ya kalli hagu, ya kalli dama, ya gyara wuyan riga.

"Kai! Ashe haka saman benci yake? Sakatariya, ashe ke gajeriya ce!"

Ya tura. Keken ya tafi sumul a kan siminti. Ya nufi ƙofa yana yin hon da baki, ya zo kan ɗan tudun dokin ƙofar, ya ba tayoyin ƙarfi.

Gaban keken ya ɗaga sama.

Tabarau ta ƙwalla ƙara. Kafin ƙeyar Direba ta daki ƙasa Baffa ya yi tsalle ya tare da gwiwa da hannu biyu, har hularsa ta faɗi. Suka tsaya a haka, Direba yana kallon rufin kwano, tayoyin gaba suna juyawa a iska.

"Ba shi da nauyin ƙafa a gaba," Baba ya ce a natse. "Don haka ake ja."

Baffa ya sauke shi a kan katakonsa. Direba ya ɗauki silifas ɗinsa ya daɗe yana kaɗe su, ba ya kallon kowa.

"Sau ɗaya mota ta kife da ni," ya ce daga baya. "Ya isa. Zan jira sati ukun."

Wakilin ya ɗauki jakarsa daga ƙasa. Ya ƙi komawa cikin keken, ya tsaya a tsaye.

"Na fahimta, ranka ya daɗe. Amma ba wanda ya ce ku daina aiki. Haruffa ne kawai. Ku sa wasu."

"Kawai?" Baba ya miƙa hannu ya kifar da wani keken da ke kan benci. A ƙarƙashin mazaunin, a jikin wani ɗan faifan ƙarfe, ga haruffan nan huɗu an buga su da guduma, da lamba a gefe. "Dubu ɗaya da ɗari biyu da bakwai ne a waje. Wasu sun yi nisan da ni ban taɓa zuwa ba. In na wani ya karye a hanya, ya ja jiki zuwa wurin kowane mai gyaran keke, mai gyaran zai kifa ya duba. Da yawansu ba su iya karatu ba, amma sun san siffar haruffan nan kamar fuskar 'ya'yansu. Suna gani za su kira nan, yarinyar nan ta buɗe littafi ta faɗa musu awon mutumin, da abin da za a taɓa, da abin da ba za a taɓa ba. Shekara ashirin da shida muka yi kafin idonsu ya saba. Ka ce in kankare? Ba zan sa hannu ba. Ka gaishe su."

Direba ya buga silifas ɗinsa biyu kamar tafi.

Wakilin bai motsa ba. Ya zuge jaka ya zaro takarda.

"Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri. Na karanta dokar Haɗakarku. Shugabanni uku ne, kuma hannu biyu ya isa a zartar da magana." Ya shimfiɗa takardar a kan teburin Tabarau. "Ɗaya ya riga ya samu."

Ta san hannun tun kafin ta karanta. Wannan doguwar jelar da yake ja a ƙarshe, ita take gani a kan takardun sayen ƙarfe duk wata.

"Baffa..."

Baba bai juya ba. "Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Yaya." Baffa ya ɗauki hularsa daga ƙasa, ya riƙe ta a hannu. "Shekaranjiya na je masaukinsa. Kuma ba zan ba da haƙuri ba."

"Ka gama ganin abin da keken ya yi."

"Na gani, ni na tare shi. Amma ba kowa ne Direba ba. Kai kana ciki kana awo, ni ne nake buɗe ƙofa da safe. Ni suke tara. Huɗu muke ƙerawa a wata, Yaya, huɗu! Mutum arba'in da uku a jeri. Na ƙarshe sai baɗi war haka. Bara mutum biyu suka mutu suna jira. Tambaye ta, ita ta ja layi a kan sunayensu."

Tabarau ta runtse ido. Da jan biro ta ja, da rula, don kada layin ya karkace. Ɗaya tsohon tela ne, ɗaya kuma matar da take aiko mata da gaisuwa duk sati ta bakin ɗanta.

"Keken da bai yi daidai ba ya fi ƙasa," in ji Baffa, muryarsa ta dushe. "Ni abin da na gani ke nan. In laifi ne, na ɗauka."



Wakilin ya zaro biro daga aljihun kwat, ya cire murfin, ya ajiye a kan takardar, saitin layin da aka rubuta Sakatariya.

"Malama, saura ke."

Ta kalli Baba. Ya harɗe hannuwa a ƙirji.

"Kar ki kalle ni. Ba ni na ba ki kujerar nan ba, zaɓenki aka yi. Abin da kika gani shi za ki yi, kuma ko me kika yi, gida ɗaya za mu koma."

Ta ɗauki biron. Yana da nauyi, mai sanyi, ba irin nata na roba ba. A hagunta ga jerin masu jira, ta san muryar kowannensu a waya. A damanta ga babban littafi, shafi bayan shafi na ƙugu da kafaɗa da hanyar gida.

"Yallaɓai, in yi tambaya?"

"Bismillah."

"Cikin mu goma sha huɗun nan, mutum nawa kuka aika wa irin wannan wasiƙar?"

"A sanina, ku kaɗai."

"Asibitin haƙorin fa? Allonsu ya fi namu girma, na ga hotonsa."

"Su suna da... wato, ƙasarsu daban, dokarsu daban."

"Suna da lauyoyi."

Wakilin ya mayar da idonsa kan takardar.

"Makarantar ninƙaya ba ta taɓa cewa mun tare mata ruwa ba," ta ce. Ta ji muryarta tana fita da wani kauri da ba ta san tana da shi ba. "Masu awaki da suka ji abin da muke yi, hoton wani ɗan akuya suka aiko min, wai sun sa masa sunan shagonmu. Kowa yana aikinsa. Jirginku bai taɓa ɓata ya shigo lungun nan ba, kekenmu bai taɓa faɗawa teku ba."

"Malama, ni aike ne."

"Na sani. To ga nawa aiken. In kamfaninku yana son ba da kekuna arba'in, ya bayar, ba takarda. Baffa zai yanka kowanne ya ja ƙarfen, Baba zai yi awo, a sa soso daidai jikin mai shi. Wata biyu mun gama da su. Har godiya zan rubuta muku da hannuna."

Baffa ya ɗago kai da sauri ya kalli wakilin.

"Ba ni da wannan ikon," in ji shi. "Kekunan da takardar tare suke."

"To." Ta mayar da murfin biron, ƙyas. Ta miƙa masa da hannu biyu, yadda ake miƙa wa babba abu. "Da naku ya ɓata ya shigo hannuna, na mayar muku. Wannan kuma namu ne. Ba zan sa ba."

"Allahu Akbar!" Direba ya daki katakonsa. "Shugaba, ka ji? Wannan ce mai jin kunyar amsa waya?"

Baba bai yi dariya ba, amma gemunsa yana motsi. Ya buɗe akwatin ƙarfen da ke maƙale a gefen kekensa, wanda ko Baffa ba ya taɓawa. Ya fito da 'yan sandunan ƙarfe na tambari, bakinsu ya yi sheƙi don tsufa. Ya ɗora sabon faifai a kan maƙera.

"Zo nan. Na Direba ne, dubu ɗaya da ɗari biyu da takwas. Riƙe da hagu, miƙe. Kar ki ji tsoron yatsanki, ki kalli kan ƙarfen. Bugu ɗaya ake yi, ba a maimaitawa."

"Baba, ni?"

"Wa ya kare haruffan?"

Ta riƙe. Gudumar ta fi yadda take zato nauyi. Ta ɗaga.

Ƙau!

Harafin farko ya fito, ya ɗan karkata kaɗan.

"Ya karkace," ta ce.

"Nawa na farko ma haka yake. Ci gaba."

Tana ɗaga gudumar karo na biyu aka danna hon a waje. Ba irin na Direba na baki ba. Hon mai nauyi, na babbar mota, har kwanon rufi ya amsa. Inuwa ta rufe ƙofar shagon.

Wakilin ya kalli agogonsa, ya kalli Baffa. "Mataimaki, kai ka ce min in taho da su. Ka ce ba za ta ƙi ba."

Baffa ya jingina da bango.

"Yaya..."

"Me ka yi?"

"Na ɗauka an gama. Wallahi na ɗauka an gama." Ya murƙushe hular a hannunsa. "Jiya na ɗauki lambobin daga littafinta. Na kira su."

"Su wa?"

"Duk masu jira. Na ce kowa ya zo ƙarfe goma sha ɗaya ya karɓi kekensa."

Tabarau ta ajiye gudumar. Ƙafafunta suka kai ta bakin ƙofa ba tare da ta sani ba.

An buɗe bayan motar. Kekuna ne jere cikin leda, suna walƙiya a rana. A bayan motar kuma, tun daga bakin shago har kwanar mai facin taya, mutane ne. Wasu a kan katako, wasu a baro, wani dattijo 'ya'yansa biyu sun ɗauko shi a kujerar roba. Duk sun yi wanka sun sa kayansu masu kyau.

A gaba akwai wata mata goye da 'yarta mai shekara goma sha biyu, ƙafafun yarinyar suna reto har gwiwar uwar. Lamba goma sha bakwai a jeri. Ita ce mai kira duk ranar Litinin ta tambaya ko an matso.

Yarinyar ta leƙo ta kafaɗar uwarta, ta hango Tabarau, ta washe baki tana nuna motar.

"Anti Tabarau! Wanne ne nawa?"